Takardun hawan mashin ɗin ƙanƙara a Kebek, da abin da ke haɗa baƙi da 'yan gari

Duk shekara idan sanyi ya kankama, 'yan'uwanmu mazauna Montreal da Ottawa da Toronto sukan tambaye ni yadda ake shiga harkar hawan mashin ɗin ƙanƙara, wanda mutanen Kebek ke ce wa motoneige. Yawanci kuɗi da takardu suke son ji, kuma zan jero su kamar yadda na bi su, tun daga ofishin rajista har zuwa kan hanya a tsaunukan Monts-Valin na yankin Saguenay. Sai dai takardun ba su ne ke ɗaure wa baƙo kai ba. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne ya biya kuɗinsa cif, ya manna sitikarsa, ya yi tafiyar wuni guda, ya iso gari ya tarar ana yi masa kallon hadarin kaji. Wannan kallon yana da dalili, kuma wanda ya san dalilin tun kafin ya taso ya huta da rabin wahalar.

Matakin farko rajista ne a SAAQ, hukumar da ke kula da lasisi da lambobin ababen hawa a lardin. Na hannu na saya, wurin wani mutum, ba a shago ba. Kafin in ba da ko sisi sai da na duba lambar jikin mashin ɗin a rajistar basussuka ta lardi, RDPRM, ta intanet, a kan 'yan daloli kaɗan. Kada a tsallake wannan, domin idan mai shi da bashi ya saya kuma bai gama biya ba, bashin yana bin mashin ɗin har gidanka. Daga nan muka sa rana ni da mai sayarwa muka je ofishin tare, kowa da lasisin tuƙinsa, shi kuma da takardar rajistarsa ta da. A ƙarshen kaka ofisoshin kan cika, saboda kowa na son gamawa kafin dusar farko, don haka gara a nemi lokaci tun da wuri maimakon a je a zauna jiran kira. A nan ake biyan harajin sayayya na lardi, kashi 9.975 cikin 100, sannan kuɗin rajista na shekara, wanda yake kusa da dala 100 ta Kanada. Aka ba ni faranti, aka ce in ɗaura shi inda za a gan shi sarai. Ma'aikaciyar ta ja hankalina kan wani abu da nake son kowa ya riƙe: inshorar gwamnati da ke biyan wanda ya ji rauni a haɗarin mota ba ta rufe wanda ya kife da mashin a daji ko ya daki itace, sai dai idan da mota mai tafiya suka yi karo. Na fito jikina ya ɗan yi sanyi, na wuce kai tsaye na tambayi kamfanin inshorata abin da za su iya ƙara mini na rauni da na sata.

Mataki na biyu shi ne izinin shiga hanyoyi, droit d'accès, wanda ƙungiyar kulob-kulob ta lardin, FCMQ, ke sayarwa ta shafinta. Ƙungiyar ta haɗa kulob kusan 200, da hanyoyi masu alama na kilomita kusan 33,000. A shafin za a nemi lambar jikin mashin, lambar faranti, shekarar ƙira, adireshi da katin banki, sannan a ce ka zaɓi kulob ɗin da kake so a rubuta ka a ciki. Na shekara guda ya ci mini fiye da dala 400, kuma wannan a rangwamen farkon kakar hawa ne, wanda ke ƙarewa a farkon Disamba. Bayan nan farashi ya tashi, wanda kuma aka tare a kan hanya ba shi da izini, abin da zai biya ya wuce duka biyun nesa ba kusa ba. Akwai na kwana 1, na kwana 3 da na kwana 7 ga mai zuwa yawon buɗe ido. A cikin kuɗin akwai inshorar ɓarnar da ka yi wa wani, har dala miliyan 1, wadda ita ce mafi ƙarancin da doka ta yarda da shi. Ana gama biya sai takardar wucin gadi ta shigo ta imel, a buga ta a riƙe, sitikar kuma ta biyo ta gidan waya. Ga 'yan Ontario: izininku na OFSC, ƙungiyar kulob-kulob ta lardinku, ba ya aiki a nan, na nan ma ba ya aiki a can. Kowane lardi da kuɗinsa, kuma kan iyaka a daji allo ne kawai da za ka iya wucewa ba ka lura ba.

Tun daga Satumban 2021 doka ta ce sai mai lasisin tuƙi zai hau waɗannan hanyoyin. Mafi ƙarancin shekaru 16 ne, kuma 'yan 16 da 17 sai sun haɗa da takardar shaidar horo. Hular kwano dole ce, haka fitila a kunne dare da rana, da madubi a hannun hagu. Iyakar gudu kilomita 70 a awa, idan allo bai nuna ƙasa da haka ba, kusa da gidajen mutane kuma tana sauka har 30. An haramta taɓa salansa don ƙara mata ƙara. Na sa takardun huɗu, wato lasisi, rajista, shaidar inshora da izinin hanya, a leda mai zif a aljihun ciki, domin a sanyin da ya kai 25 ƙasa da sifili batirin waya kan mutu cikin mintuna, kuma mai sintiri ba zai tsaya jiran ka ɗumama ta a hammata ba.

Wanda haya zai yi bai da ruwa da SAAQ, kamfanin ya riga ya yi rajista da izini. Za su nemi lasisi, su riƙe kuɗin jingina mai kauri a katin banki, su yi maka bayanin tuƙi kafin su ba ka makulli. An tsaurara wannan ɓangaren bayan abin da ya faru ranar 21 ga Janairun 2020, lokacin da ayarin 'yan yawon buɗe ido daga Faransa ya bar hanya mai alama da dare a bakin tafkin Saint-Jean, wajen mashigar Grande Décharge, inda ruwa ke gudu a ƙarƙashi kuma ƙanƙara ba ta yin kauri. Mutum 5 daga cikin baƙin da jagoransu suka rasu. Mutanen yankin ba su manta ba. Idan ka ji ɗan gari ya ɗaga murya don ya ga baƙo ya nufi tafki ta inda ba a kafa sandunan alamar hanya ba, ba tsana ce ta sa shi ba. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce santimita 25 na tsabtatacciyar ƙanƙara kafin mashin ya hau, kuma ko wannan ba ta da amfani a inda ruwa ke gudu.

Daga Montreal zuwa Saguenay tafiyar awa 5 ce ko fiye idan kana jan tirela: a bi babbar hanya zuwa birnin Kebek, a ɗauki hanya mai lamba 175 da ta ratsa dajin Laurentides, a sha mai a tsakiya a L'Étape. Monts-Valin na samun dusar ƙanƙara tun kudancin lardi yana ƙasa tsirara, kuma tana daɗewa har bazara ta shigo. Wannan albarkar ita ce tushen rigimar. A makonnin farko na kakar hawa, duk mai mashin daga Montreal, daga Ontario, har daga jihohin arewa maso gabashin Amurka, nan yake nufa, alhali hanyoyin da aka buɗe ba su da yawa. Na iso Saint-David-de-Falardeau da safiyar Asabar na tarar filin ajiye motoci ya cika maƙil, manyan motoci da tireloli sun yi layi a gefen titin unguwa, wasu sun tare ƙofar gidajen mutane, wasu sun tsaya daidai inda motar share ƙanƙara ke juyawa. A nan ake fara ɓata wa 'yan gari rai, tun ba a tayar da inji ba. Abin da na koma yi shi ne in kama ɗaki a masaukin da ke da filinsa kuma hanya ta biyo ta ƙofarsa, in tambaya ta waya ko kuɗin ajiye tirela yana ciki.

Ba a yi nisa da fita gari ba muka tarar da shingen bincike: 'yan sintirin kulob biyu da rigunansu masu ƙyalli, da ɗan sandan Sûreté du Québec a gefe. 'Yan sintirin 'yan sa-kai ne, amma doka ta ba su ikon tsayar da kai da duba takardu. Dattijon da ya zo wurina ya goge ƙanƙarar da ta rufe sitikar da bayan safar hannunsa, ya gwada lambar da ta takarda, ya sunkuya ya dubi salansa, sannan ya zagaya baya ya dubi bel ɗin da ke tura mashin ɗin. Bai wuce minti 5 ba. Da ya ga bel ɗin gajere ne, na kan hanya, sai fuskarsa ta saki, ya ce mini, "Malam, ka tsaya tsakanin sanduna, shi ke nan abin da muke roƙo." Na bayana, masu dogayen mashina na hawan dutse, sun fi ni daɗewa a wurin, kuma da na san kan abin daga baya na gane dalili.

Mashin ɗin kan hanya bel ɗinsa inci 129 zuwa 137 ne, haƙoransa ba su wuce inci ɗaya da 'yan kai ba. Na hawan dutse yana kai inci 154 zuwa 165, haƙoransa inci biyu da rabi zuwa 3, an yi shi ne don ya yi iyo a dusa mai zurfi. Idan mai irin wannan ya murɗa wuta a kan hanyar da aka daddale, musamman a fitowa daga kwana ko a gangaren hawa, haƙoran suna tone ta kamar garma, su bar rami da tudu. Na baya ya zo ya faɗa ramin ya ƙara zurfafa shi, kafin azahar hanya ta zama kunya-kunya, bayan mutum ya yi ta bugawa. Ita kuwa motar daddale hanya da dare take fita, tana jan faranti mai nauyi a hankali, ba ta wuce kilomita 10 zuwa 15 a awa, kuma kuɗin sayenta dubban ɗaruruwan daloli ne, ban da man dizal da gyara. Bayan ta wuce, dusar tana buƙatar awanni cikin sanyi kafin ta daskare ta yi ƙarfi. Wanda ya biyo bayanta nan take don ya ji daɗin sabuwar shimfiɗa ya rusa aikin dare guda. Ɗan gari da ya tashi da hantsi ranar Lahadi don ya zaga da iyalinsa, abin da baƙi suka bar masa ke nan. A ganina yana da gaskiyar jin haushi, ko da yake na ga 'yan gari ma da ke wannan ɓarnar, kuma ba kowane mai farantin Ontario ne mai laifi ba.

A kan hanya akwai ladabin da ba a rubuta a takardar izini ba. A riƙe hannun dama, musamman a kwana da kan tudu inda ba a ganin mai zuwa. Idan za a tsaya, a ɗaga hannun hagu sama, a kuma tsaya a miƙaƙƙen wuri a jere, ba a cunkushe a tsakiyar hanya ana ɗaukar hoto ba. Idan ayari biyu suka haɗu, kowa kan nuna da yatsu adadin waɗanda ke bayansa, na ƙarshe ya dunƙule hannu. Launin allo ma yana magana: shuɗi na manyan hanyoyin Trans-Québec ne, kamar mai lamba 93 da ta ratsa yankin, kore na hanyoyin yanki, ruwan lemo na ƙananan hanyoyin kulob. Manhajar iMotoneige tana nuna waɗanda ke buɗe da inda aka daddale kwanan nan, amma sai a sauke taswirar tun a masauki, don sabis yana ɗaukewa da an shiga tsauni. Tankin lita 40 kan kai kilomita 150 zuwa 200 gwargwadon inji da hannun mai tuƙi, saboda haka ba a wuce gidan mai a ce sai na gaba.

A rana ta biyu, a gangaren da ke saukowa wajen gonaki, muka tarar da hanya a rufe: jan raga daga wannan sanda zuwa waccan, da allo mai cewa an janye izinin wucewa. Taswira ta nuna ta a buɗe da safe. Dole muka juya, muka yi zagaye mai nisa ta gefen titi, mai yana ƙasa, raina a ɓace, ina ganin na biya kuɗi an hana ni abin da na saya. A wurin hutawa na gaba, inda ake shan miya mai zafi a busar da safar hannu, na tambayi matar da ke sayarwa. Ta ce jiya da yamma wasu sun fita daga tsakanin sanduna sun yi ta zagaye a gonar wani manomi, shi kuwa da gari ya waye ya kira shugaban kulob ya ce a rufe. Ta ƙara da cewa za a zauna da shi a daren a ɗakin taron kulob, kuma duk mai izini ɗan kulob ne, ba mai hana ni zama.

Wannan zaman ne ya warware mini komai. Hanyar da muke hawa ba ta gwamnati ba ce, ba ta ƙungiya ba ce. A yankunan noma, yawancinta ta cikin filayen mutane ta bi, kuma kowace shekara 'yan sa-kai ne ke bi gida-gida suna neman sa hannun masu filaye, akasari ba tare da an biya su komai ba. Mai fili yana da ikon janyewa. Wanda ya san yadda burtali ke ratsa gonaki a ƙasarmu, da abin da kan biyo baya idan garke ɗaya ya kauce ya shiga shuka, ya riga ya fahimci rabin zancen. Manomin, dattijo ne mai magana a hankali, ya zo da hotuna a wayarsa. Ya bayyana cewa dusa mai laushi bargo ce ga ƙasa. Idan mashin ya danne ta, iskar cikinta ta fita, sanyi ya ratsa har saiwa, ciyawar luzerne da yake ciyar da shanun madararsa ta mutu a wurin. Ba a ganin ɓarnar sai a watan Mayu, lokacin da sawun mashin ke fitowa rawaya a tsakiyar kore, mai laifin kuwa yana can birninsa ya manta. Wani maƙwabcinsa ya ce shi ƙananan itatuwan da ya dasa ne aka sare wa kai, don a ƙarƙashin dusa suke ba a ganinsu, kuma itacen da aka sare wa tsiro ba ya miƙewa daidai har abada. Wani ya kawo zancen robobin da ake ja tsakanin itatuwan maple don tara ruwan sikari, waɗanda mashin ɗaya ke tsinkewa a wucewa guda.

Shugaban kulob bai musa ko ɗaya ba. Ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin za a ja igiya a gefe biyu na hanyar tsawon gonar, a ƙara alluna da Faransanci da Ingilishi, a sa 'yan sintiri a wurin ranakun Asabar da Lahadi. Mai masauki ɗaya ya miƙe ya tuna wa jama'a cewa baƙin nan su ne ke cika ɗakuna da gidajen abinci da gidajen mai daga Disamba zuwa Maris, kuma idan aka kore su gari ne zai ji a jikinsa. Wani matashi ya mayar masa cewa kuɗin yana shiga aljihun masu masauki, aikin kafa sanduna a cikin ruwan sanyin Nuwamba kuwa yana kan mutum goma sha da ba sa karɓar ko kwabo. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Manomin ya ce zai sake buɗewa idan an gama jan igiyar, amma in aka kuma, to a rufe har ƙarshen kakar hawa. An buɗe bayan 'yan kwanaki, lokacin yawancin baƙin da suka jawo abin sun riga sun koma gida, 'yan gari ne suka yi zaman rashin hanya.

Ba sabon abu ba ne a lardin. A 2004 kotu ta rufe kusan kilomita 38 na hanyar Petit Train du Nord a yankin Laurentides ga masu mashin, ta kuma ba da umarnin a biya mazauna bakin hanyar diyya saboda ƙara da hayaƙi. A 2010 manoman ƙungiyar UPA sun hana wucewa ta filayensu a rigimarsu da gwamnati, a farkon 2017 ma suka yi barazanar maimaitawa kan harajin filaye. Duk wanda ya ga waɗannan ya san hanyar tana rataye ne a kan yardar mutanen da ba su da wata riba a cikinta. Shi ya sa salansar da aka fasa take tayar da hankalin 'yan kulob fiye da gudu: ita ce mai gida ke ji da ƙarfe 2 na dare. A wasu wuraren ma an hana hawa daga 12 na dare zuwa 6 na safe, sai a duba dokar ƙaramar hukumar da za a shiga.

Mai son hawa a wajen hanya, cikin dusar da ba a taɓa ba, yana da inda zai yi, amma izinin FCMQ bai ba shi wannan ba. A filin mutum sai da yardar mai shi, kuma tarar shiga ba izini tana farawa ne daga ɗaruruwan daloli. A gandun gwamnati na Monts-Valin da na Gaspésie ba a fita daga inda aka yarda, a Gaspésie ma akwai ragowar garken caribou, wata irin barewa ta ƙasashen sanyi, da bai wuce 'yan gomiya ba, wanda ƙarar inji ke kora daga inda yake kiwo a lokacin da ba shi da ƙarfin gudu. A dajin gwamnati da ke hannun ZEC, wato yankunan farauta da kamun kifi da ƙungiyoyi ke kula da su, sai a tsaya a ofishin shiga a tambayi ƙa'idarsu da kuɗinsu, a kuma sani cewa akwai masu bukkoki da masu ɗana tarko da suka shimfiɗa 'yan hanyoyinsu da hannunsu, ba sa son a tone musu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki jagora ɗan yankin mai takardar horo. Shi ya san filin wa ke ina, ya san rafin da ba ya daskarewa, kuma ganinsa a gaban ayari kaɗai yana sauya yadda ake karɓarku a wurin hutawa.

Da zan ba sabon shiga shawara a taƙaice, zan ce ya zo tsakiyar mako idan aikinsa ya bari, Talata zuwa Alhamis, lokacin da hanya ke lafiya kuma ba a cunkoso. Ya guji makonni biyun farko na kakar hawa a Monts-Valin, ya jira kudu ta samu dusarta jama'a su watsu. Wajen sayen izini ya rubuta kulob ɗin yankin da zai fi hawa, ba na kusa da gidansa a birni ba, domin 'yan sintiri suna lura da wannan. Ya sayi mai da abinci a garin maimakon ya cika jarkoki tun daga Montreal. Idan ya ga motar daddale hanya tana zuwa, ya sauka can gefe ya tsaya cak har ta wuce, ita ce mai hanya. Idan kuma yana da Asabar ɗaya a watan Oktoba ko Nuwamba, kulob-kulob suna sanar da ranakun share hanya da kafa sanduna a shafukansu na Facebook, kuma abin da ake buƙata takalmin ruwa ne, safar hannu ta aiki, da zarto ko almakashin reshe ga wanda yake da shi.